Shekara 12: Tarihin Wani Kamun Ƙafa a Majalisar Amurka

A shekarar 2009, yayin da hankalin Amurkawa ya tafi kan dokar inshorar lafiya ta Shugaba Barack Obama, an yi wata fafatawa a cikin kwamitocin majalisa wadda mutane kaɗan ne suka lura da ita. Tambaya ɗaya ce ake jayayya a kanta: shekara nawa za a kare kamfanin da ya ƙirƙiro magani daga ƙwayoyin halitta masu rai kafin a bar wani ya fito da kwatankwacinsa mai rahusa?

Irin waɗannan magunguna, kamar Herceptin na sankarar mama, suna cikin mafi tsada a duniya. Magungunan sinadari na yau da kullum suna da dokarsu tun 1984, wadda ta ba mai ƙirƙira kariyar shekara 5. A cikin wannan wa'adi, mai kwaikwayo ba zai jingina da sakamakon gwajin kamfanin farko ba don neman izinin hukumar FDA. Magungunan ƙwayoyin halitta kuwa ba su da irin wannan hanya, don haka aka zo tsara musu tasu.

Ƙungiyar BIO ce ta ja ragamar kamfanonin. An kafa ta a 1993 bayan haɗewar wasu ƙungiyoyi biyu, domin masana'antar ta riƙa magana da murya ɗaya a Washington. A 2005 shugabancinta ya koma hannun Jim Greenwood, ɗan majalisar wakilai daga Pennsylvania da ya bar kujerarsa ya karɓi aikin. Greenwood ya fito ne daga kwamitin makamashi da kasuwanci, wato kwamitin da batun zai bi ta cikinsa. Ya san mutanen, ya kuma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Hujjar ƙungiyar ba ta banza ba ce. Ta ce samar da magani ɗaya yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, yawancin gwaje-gwaje kuma ba sa kai labari. Ta ƙara da cewa tunda kwatankwacin maganin ba zai taɓa zama daidai da na asali ba, mai kwaikwayo zai iya zagaye haƙƙin ƙirƙira cikin sauƙi, masu zuba jari kuma su janye.

Ɗaya ɓangaren ma ba kanwar lasa ba ne. Henry Waxman, shugaban kwamitin da kansa, shekara 5 ya nema. Fadar shugaban ƙasa ta ce 7. A watan Yuni, hukumar kula da gasar kasuwanci ta FTC ta fitar da rahoto cewa babu buƙatar kariyar shekara 12 zuwa 14, domin kwaikwayon irin wannan magani yana da wuya da tsada, masu gasa ba za su yi yawa ba.

Duk da haka, a watan Yuli kwamitin ya amince da gyaran Anna Eshoo, 'yar jam'iyyar Democrat daga California, jihar da masana'antar ta yi ƙarfi. Ƙuri'a 47 suka goyi bayan shekara 12, 11 kawai suka ƙi. An kayar da shugaban kwamiti a cikin kwamitinsa, da hannun 'yan jam'iyyarsa.

A watan Nuwamba jaridar New York Times ta bankaɗo wani ɓangare na yadda ake aikin. Masu kamun ƙafa na kamfanin Genentech sun rubuta jawabai iri biyu, ɗaya na 'yan Democrat, ɗaya na 'yan Republican. Kamfanin ya ƙiyasta cewa 'yan majalisa 42 sun ɗauki wani abu daga ciki, wasu ma kusan kalma da kalma, aka shigar a kundin majalisa tamkar tunaninsu.

Obama ya sa hannu a ranar 23 ga Maris, 2010, da shekara 12 a ciki. Daga nan aka yi ƙoƙarin fitar da ƙa'idar zuwa ƙetare. Amurka ta nemi a sa ta a yarjejeniyar kasuwanci ta TPP, ƙasashe irin su Ostireliya suka turje, aka daidaita a ƙasa da haka a 2015. A yarjejeniyarta da Kanada da Meziko an fara rubuta shekara 10, amma aka cire sashen a Disamba 2019 bisa matsin 'yan Democrat.

Babu wanda aka kama da cin hanci a wannan labari, kuma abin lura ke nan. Kayan aikin duk halal ne a idon doka: tsohon ɗan majalisa a kan gaba, hujja mai ma'ana, wakilan mazaɓun da kamfanonin ke samar wa ayyuka, da rubutaccen jawabi ga wanda bai da lokacin nazari. Majinyacin da zai biya kuɗin maganin kuwa ba shi da ofis a kusa da majalisa. Duk sanda aka ji ana muhawara kan wata lamba a cikin doka, yana da kyau a tambayi wanda ya fara rubuta ta.