Gwajin Ruwan Tankin Tarwada a Gida

Ruwa yana iya yin garau a ido alhali yana kashe maka kifi. Babban mai ɓarnar shi ne amoniya, wadda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki.

Sayi takardar gwajin amoniya da ta pH, ka tsoma, ka kwatanta launin da jadawalin jikin kwalin. Ana son pH tsakanin 6.5 da 8.5. In ya haura, dafin amoniya ƙaruwa yake, balle lokacin zafi.

Ka ga tarwada sun yi cirko-cirko a saman ruwa, sun ƙi ci? Dakatar da abinci, ka sauya sulusin ruwan. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe tukuna, kulorin ya fita.