Duwatsu da Wuraren Tsafi na Dā a Ƙasar Kano: Daga Dala zuwa Karaye

Daurar da ke cikin ƙaramar hukumar Karaye, a yammacin jihar Kano, ba ita ce Daurar rijiyar Kusugu ba. Ƙauye ne na manoma a ƙasar da kogin Chalawa ya ratsa, inda gonakin dawa da masara ke shimfiɗe tsakanin tsamiyoyi da kukoki, ga duwatsu jefi-jefi sun tsaya a tsakiyar karkara. Daga nan har Rogo, zuwa kan iyakar Katsina da Zazzau, yana cikin yankunan da Maguzawa suka daɗe suna zaune. Mai neman wuraren ibadarsu na dā ba zai tarar da gini mai ginshiƙai irin na Indiya ko Misira ba. Wurin bautar Bahaushen jahiliyya dutse ne, ko itace, ko rijiya, ko kurmi, kuma sai an fahimci haka ake iya karanta yadda Musulunci ya yi mu'amala da su.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da irin wannan wuri. Barbushe yana zaune a kan Dala, abin bautarsu kuwa Tsumburbura, wadda mazauninta itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Jama'a kan taru daga duwatsun kewaye da dabbobin yanka, shi kuma ya faɗa musu abin da zai auku. Littafin ya ambaci Karaye tun da wuri: ya ce Sarki Yusa, da ake kira Tsaraki (1136–1194 bisa lissafin Palmer), ya fita yaƙinta, ya yi zango wata biyar kafin mutanenta su miƙa wuya. Ke nan ƙasar yamma tana da jama'a masu ƙarfin kansu tun kafin Wangarawa su iso da addini.

A cikin birni, labarin na rushewa ne da komawa. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya fasa katangar wurin tsafin. Yaji (1349–1385) ya karɓi Wangarawa, ya tsai da salla, ya ci Santolo, dutsen da masu tsafi suka fake a kai. Amma ɗansa Kanajeji, da Zazzau ta kore shi a fagen fama, sai ya koma wurin masu Cibiri neman nasara. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), lokacin zuwan Shehu Maghili, aka sare itacen tsafin aka gina hasumiya a gurbinsa. Ko wannan bai kashe maganar ba, domin daga baya fāda ta riƙi Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu ana yanka masa shanu. Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, shi ya sa aka fasa shi da gatari, aka tarar da Mushafi a ciki. Da wuya a sami misalin cakuɗa addini da ya fi wannan muni: Littafin tauhidi da kansa aka mayar abin yi wa yanka.

Wannan cakuɗawa, wadda malamai ke kira takhliɗ, ita ce masu jihadi suka fi tsananta wa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya raba mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na gaskiya, da masu da'awar Musulunci suna haɗa shi da ayyukan kafirci irin su yanka ga itatuwa da duwatsu, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Kashi na biyu ne aka yi jayayya a kansa. Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne da jahilci ke jawowa, ana kuma samun makamantansu a wasu ƙasashen Musulmi har da Misira, saboda haka ba su halatta yaƙi ba. Muhammadu Bello ya mayar da martani, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu a Infaƙul Maisur. Adalcin da ya yi na kawo hujjar abokin jayayyarsa cikakkiya abin koyi ne ga ɗalibi, ko da wane ɓangare ya rinjayar.

Ƙasar Karaye ta ga farkon wannan yaƙi. Jama'ar Shehu ta Kano ta yi hijira zuwa Kwazazzabo a yammacin birni, kuma Karaye na cikin garuruwan farko da suka faɗa hannunta, kafin yaƙin Ɗan Yaya da faɗuwar Alwali a 1807. Abin lura shi ne, bayan nasara, Maguzawan karkarar ba a tilasta musu barin addininsu ba, ba a kuma bi gidajensu ana sare itatuwa ba. An bar su a gonakinsu suna biyan jiziya.

Dalilin yana cikin sunan nasu. Mafi yawan manazarta sun tafi a kan cewa Bamaguje daga kalmar Majusu ya samo asali. Ya tabbata a Bukhari cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa daga Majusawan Hajar. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ke bi, ta faɗaɗa ƙofar fiye da Shafi'iyya, ta yarda a karɓa daga masu bautar gumaka. Sanya wa manomin Rogo sunan mutanen Farisa hukunci ne na fiƙihu: ba a cin yankansa, ba a auren 'yarsa tana kan addininta, amma jininsa da dukiyarsa sun haramta. Wanda ya ɗauka jihadin ƙarni na 19 yaƙi ne da duk wanda ba Musulmi ba, wannan ya ishe shi gyara. Fādar da ke salla tana yanka wa Dirki ita aka yaƙa.

A ƙarƙashin wannan zimma tsarin zamansu ya ɗore. Maguzawa ba su cika son gari mai ganuwa ba. Suna zama a manyan gidaje warwatse cikin gonaki, zuriya guda a gida guda, rumbuna jere a tsakar gida. Maigida ne ke yanka ga iskokin gidansu gab da damina da bayan girbi, kowane iska da launin akuya ko kazar da ake ba shi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma buga littafinsa a 1946, ya nuna cewa sun yarda Allah ne Mahalicci, kuma tunaninsu game da iskoki ya riga ya cakuɗu da abin da Musulmi ke faɗa game da aljannu. Ɗalibin tauhidi zai gane siffar nan take, domin ita ce ta mushirikan Makka: iƙirari da rububiyya tare da neman tsani a wajen bauta.

A ƙarni na 20 yawancinsu sun musulunta, wasu kuma sun shiga Kiristanci ta hannun 'yan mishan, abin da ya kamata masu da'awa su tambayi kansu dalilinsa, tunda maƙwabtaka ta ɗaruruwan shekaru tana gabansu. Ƙasar ma ta sauya. Madatsar ruwan Chalawa da aka kammala a 1992 a Karaye ta tashi ƙauyuka, ruwa ya rufe gonaki da kufai. Itacen da ake yi wa yanka yakan faɗi a yi itacen girki da shi, dutse kuma a fasa shi don gini, ba wanda ya rubuta sunansa.

Rubuta waɗannan sunaye ba girmama shirka ba ne. Hisham ɗan al-Kalbi ya tara sunayen gumakan Larabawa da wurarensu a Kitabul Asnam, malamai kuma suka amfana da shi wajen fahimtar ayoyin da suka ambaci Lata da Uzza da Manata. Dattawan Daura da Rogo da suka san wane dutse ake hawa da wace tsamiya ake tsoro, da yawansu yanzu a sahun farko suke salla, kuma suna raguwa kowace shekara.