Tafkunan Walthamstow da Baƙin da Ke Zuwa daga Sahel

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu kan wuce tashar Tottenham Hale a Landan ba tare da sanin cewa daf da ita akwai manyan tafkuna goma ba. Ni dai kallon tsuntsaye ne ya kai ni, tarihin wurin kuma ya zaunar da ni.

Wani kamfanin ruwa mai suna East London Waterworks ne ya haƙa su, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, domin shayar da gabashin birnin. Sunan kamfanin ba mai daɗin ji ba ne a tarihi, domin kuwa a 1866 ruwan da ya tura wa jama'a daga Old Ford ba tare da tacewa ba ya yaɗa kwalara, wadda ta kashe mutum fiye da 5,000. Babu wanda ya yi tunanin tsuntsu a lokacin. Sai dai shingen da aka yi don tsare ruwan sha ya hana mutane shiga, zalɓe ya samu tsibirai ya yi sheƙa, agwagin ruwa suka biyo baya. An kafa gandun shaƙatawa na Lee Valley a 1967, amma sai a 2017 aka buɗe tafkunan ga kowa, kyauta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙananan baƙin da ke isowa a watan Afrilu. Akwai wani mai farin maƙogwaro, Turawa na ce masa whitethroat. A 1969 fiye da kashi biyu cikin uku nasu ba su dawo Ingila ba. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya cinye su, farin da iyayenmu ba su manta da shi ba, wanda ya ƙarar da garkunan shanu a Nijar da arewacin Nijeriya.

A can gida kuwa madatsa ta yi akasin abin da ta yi a nan. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru, inda dubban tsuntsayen Turai ke cin rani, inda kuma masunta da manoman shinkafa da makiyaya ke neman abinci. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwan, jan-baki ya samu mafaka a cikinta, yana fitowa yana cinye wa manoma hatsi.