Mushe a Kan Hanya: Yadda Haɗeja Ta Saba Yi

A Haɗeja ta da, mushe ba ya kwana biyu a kan hanya. Jaki ya faɗi da kaya, ko akuya ta mutu a lungu, wanda ya fara gani shi ke kai wa mai unguwa, shi kuma ya sa a nemo mai dabba. In ba a same shi ba, samari su ɗaura igiya a ƙafafun baya su ja har bayan ganuwa. Sauran aikin na ungulu ne da rana, kura da dare. Ni ban tarar da kuraye ba, amma na tarar da ungulu jere a kan katangar mayanka, wuya a sanƙame, suna jiran rabonsu.

Naman mushe dai haramun ne, ba gardama. Fatar ce malamai suka yi wa bayani: Risala ta yarda a yi amfani da fatar mushe in an jeme ta, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita.

Wannan tsari na kawar da mushe ya ga jarrabawa. Wajen 1890 cutar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa da Barno ta share garken Fulani, mushe ya fi ƙarfin ungulu. Bayan Turawa sun ci Haɗeja a 1906, En'e ta zo da duba-gari, wanda ke leƙa randa da kwata, ya sa a binne abin da ya mutu, ya kai mai taurin kai gaban alƙali. Mutane ba su so shi ba, amma ina ganin ya yi wa garin nan rana. Bushiya ta sake dawowa a 1983. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya.

Yau abin ya juya. Motoci a hanyar Kano ko ta Nguru na buge tumaki da jakuna, ungulu kuwa ta yi wuyar gani, guba da masu sayar da sassanta don magani sun ƙarar da ita. Mushe sai ya kumbura a gefen kwalta, kowa ya toshe hanci ya wuce. Wani kuma, don neman sauƙi, ya tura shi kogi. Wannan ne ke ci mini rai, domin ruwan da ya bar mu shi mutanen Guri da Kiri Kasamma ke kamun kifi a ciki, su shayar da shanu.

Ga kuma ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa kusa da Suleja a Yulin 2023. Dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa: irin wannan ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. Ƙwayar cutar na yin shekaru a cikin ƙasa, ambaliya irin ta 2022 na iya tono ta. Sai a gaya wa mai unguwa, a kira malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi a kan tudu, nesa da rijiya da burtali, ba a fadamar da ruwa zai rufe da damina ba.