Hanyar Asibiti a Ƙasar Gobir: Abin da Ke Kashe Uwa da Jariri a Sabon Birni da Isa

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawa sun watse. Wasu sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka gina Sabon Birni. Da Turawan Ingila da Faransa suka shata iyaka, sai dangi ɗaya ya zama 'yan ƙasa biyu, kowane ɓangare da irin asibitin da gwamnatinsa ta tanadar masa.

Abubuwan da ke kashe mai jego a wannan yanki sanannu ne tun da daɗewa: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini ke jawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin jego. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya nuna cewa mutuwa ta fi afka wa matan da ba su je awo ba, waɗanda ake kawowa bayan sun galabaita. Yara kuwa, wanda ya tsallake watan farko yana fuskantar zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu da ƙyanda, tamowa na share musu fage.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna girman giɓin. A Nijeriya baki ɗaya, haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti. A Jihar Sakkwato ba ta kai 10 ba. Yaran jihar da suka kammala rigakafin farko kusan 5 ne cikin 100, mafi ƙaranci a ƙasar. Ana yawan ɗora laifin a kan al'ada, kuma akwai ƙamshin gaskiya: kunyar haihuwar fari kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda, ungozoma kuma galibi sai an haihu ake kiranta ta yanke cibi. Sai dai kunya ba ita ke hana mota zuwa ba.

A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Wamakko, Sakkwato ta ɗauki matakin da ya dace da halin da ake ciki. Tunda mata a gida suke haihuwa, sai a kai musu magani gida. Da tallafin hukumar USAID, aka rarraba magunguna biyu ta hannun kwamitocin mazaɓu da amintattun mutanen gari: ƙwayoyin misoforostol uku da mace za ta haɗiye da zarar jariri ya fito, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, da man kuloheksidin da ake shafa wa cibi a maimakon toka ko gashi. Dabara ce mai araha, amma tana da iyaka. Ba ta maganin jaririn da ya zo a gicciye, ba ta maye gurbin ƙarin jini. Waɗannan sai tiyata, tiyata kuma sai hanya.

Hanyar ce 'yan bindiga suka kama. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a sassan jihar don takura maharan, abin da ya hana mai naƙuda kiran direba. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Inda basarake bai tsira ba, wane direba zai fita da tsakar dare? Zubar jini kan iya kashe mace cikin awa biyu.

A tsallaken iyaka tarihin ya bi wata hanya. Nijar, wadda ta fi Nijeriya talauci, ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka zamanin Shugaba Tandja Mamadou, kuma daga 2006 ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mutuwarsu ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa, akasarinsu mata da yara, ke gudun hijira zuwa yankin Gidan Rumji a Jihar Maraɗi, wajen 'yan uwan da iyaka ta raba su da su.