Daga Ɗakin Shan Magani na En'e zuwa Dokar 2022: Tarihin Masu Ba da Magani a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata sana'a wadda masu rubuta tarihin kiwon lafiya a ƙasar Hausa ba su cika tsayawa a kanta ba, watau sana'ar mutumin da ke miƙa wa majinyaci magani a hannu. An zaɓi ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, domin yanki ne na manoma mai nisa da birni, wanda ya yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. A irin wannan wuri ne ake gane ko doka ta isa ga talaka, ko kuwa ta tsaya a takarda. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dokokin magani a Nijeriya sun fi zuwa bayan an yi hasarar rayuka, kuma amfaninsu a karkara ya rataya ne a wuyan ƙaramin ma'aikaci.

2.0 Kafin Zuwan Turawa da Bayansa

Kafin Turawan Ingila su ci Kano a 1903, harkar magani tana hannun boka da wanzami da ungozoma da maɗori da 'yar mai ganye da malamai. A wancan tsari mai gano cuta shi ne mai haɗa magani, shi ne kuma mai ba da shi. Ba shi da takardar izni, amma jama'a sun san gidansu, sun san wanda ya gada, idan kuwa ya yi ɓarna sunan gidan ne zai ɓaci.

Maganin Bature ya zo da wani tsari dabam, inda aka raba aikin likita da na mai haɗa magani. A Ikko, Richard Zaccheus Bailey ya buɗe kantin magani tun 1887, aka kuma yi dokar guba da haɗa magunguna a 1927. A Arewa kuwa sai a 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya. Waɗanda ta yaye ba su ko ishi manyan asibitoci ba, saboda haka En'e ta dogara ga malaman asibiti masu gajeren horo, waɗanda aka riƙa turawa ɗakunan shan magani na gundumomi. Malamin nan shi ke duba majinyaci, ya wanke gyambo, ya auna magani daga kwalba, ya rubuta a littafi. Kayan aikinsa kaɗan ne, amma hanyarsu ɗaya ce: daga sito na hukuma suke fitowa, kuma akwai mai zuwa ya binciki littafinsa.

3.0 Lokacin da Magani ya Koma Haja

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da ɗakunan shan magani hannun sababbin majalisu. Ba a jima ba tattalin arzikin ƙasa ya raunana a shekarun 1980, darajar Naira ta faɗi, asibitocin gwamnati suka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je waje ya saya. Wajen kuwa, ga mutumin Ƙaraye ko Rogo, shi ne kemis na bakin tasha da mai tallan magani a faranti ranar kasuwa, su kuma duk daga kasuwar Sabon Gari ta Kano suke saro kaya, inda ake cinikin magani kamar yadda ake cinikin atamfa.

Doka ta yarda wa mai kemis ya sayar da ƙananan magunguna kawai, cikin kwalinsu na asali. Ba ta ba shi damar yin allura ko sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Amma inda babu likita kusa, sai ya zama shi ne komai. Daga nan aka sami al'adar haɗi, watau a ɓanɓaro ƙwayoyi iri-iri a ƙulle wa mutum daidai kuɗinsa. Illar wannan a fili take: mai sha bai san sunan abin da ya sha ba, bai ga ranar lalacewarsa ba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha na kwana ɗaya maimakon biyar koya wa cutar jurewa kawai yake yi.

Gwamnati ta yi yunƙuri. Bayan shirin Bamako na 1987, a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, an kawo tsarin asusun juya kuɗin magani, an kafa dokar hana jabun magunguna a 1988, da ta jerin muhimman magunguna a 1989. Duk da haka, a 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda. Bayan wannan musiba aka kafa majalisar kula da masana haɗa magunguna a 1992, da hukumar NAFDAC a 1993. A 2008 wannan guba ta sake ɓulla cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2018 kuma aka hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan ɓarnar da ya yi wa matasa da matan aure, musamman a Kano, ta fito fili.

4.0 Matsayin Ma'aikacin Ɗakin Magani

Magajin malamin asibiti na En'e a fannin magani shi ne ma'aikacin ɗakin magani, wanda ake horarwa a makarantun koyon aikin lafiya irin ta Kano. Dokar 2022 ta kafa majalisar PCN a sabon tsari, ta ɗora mata alhakin yi wa irin wannan ma'aikaci rajista da sa ido kan masu kemis. Bisa ƙa'ida yana aiki ne ƙarƙashin masanin haɗa magunguna, amma da yake masanan sun fi taruwa a birni, sau da yawa a karkara babu kowa tsakaninsa da majinyaci.

Ilmin da ake bukata gare shi, idan an lura, kowane ɓangarensa amsa ce ga wata ɓarna da tarihi ya nuna. Na farko, ya san asalin kayansa: lambar rajistar NAFDAC, da lambar rukunin da aka sarrafa maganin a ciki, wadda da ita ce ake janye gurɓataccen magani daga kasuwa. Na biyu, ya san ajiya. Alluran rigakafi da yawa suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, alhali zafin bazara a ƙasar Kano yana wuce digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa. Na uku, ya san awo, domin maganin yaro bisa nauyinsa da shekarunsa ake ba da shi, kuma cokalin gida ba ma'auni ba ne. Na huɗu, ya riƙe littafin magunguna masu sa maye, ƙwaya ɗaya ba ta fita sai da takardar likita. Na biyar, ya yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, tunda rubutun kwali da Turanci yake. Na ƙarshe, kuma mafi wuya, ya san iyakarsa: idan rubutun likita bai karantu ba ya tambaya, idan ciwo ya fi ƙarfinsa ya tura mutum gaba.

5.0 Kammalawa

A watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da PCN suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewayenta, domin tilasta wa dillalai komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Wannan gyaran mafarin ruwa ne, kuma yana da muhimmanci ga Ƙaraye da Rogo, tunda daga can kayansu ke zuwa. Sai dai tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa abin da ya riƙe ɗakin shan magani na En'e abu biyu ne, hanyar kaya guda ɗaya da mai bincike da ke zuwa. An kama hanyar maido da na farko. Na biyun kuwa, watau horar da isassun ma'aikata daga 'ya'yan yankin, da kai musu ziyarar bincike a kai a kai, shi ne abin da ya kamata mahalarta wannan taro su tattauna, su kuma miƙa shawara a kansa ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin biyu.