Littattafan da suka zama gawayi

A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyus ya yi aman wuta ya binne garin Herkulaniyum a Italiya. Zafin ya mayar da naɗaɗɗun littattafan wani gida gawayi. Da aka tono su a 1752, masu gaggawa suka riƙa tsaga su da wuƙa don su karanta, da yawa suka marmashe. Waɗanda aka haƙura aka bari a naɗe kuwa sun tsira.

Tawadar daga kunkunniya aka yi ta, takardar kuma ta ƙone, don haka hoton X-ray da ƙyar yake bambance su. Farfesa Brent Seales na Jami'ar Kentaki ya ɗauki hoton cikin naɗin, a 2023 aka saki bayanan a intanet aka sa gasa. Wannan sakin ne ya fi burge ni. Luke Farritor, ɗalibin kwamfuta ɗan shekara 21, ya koya wa manhaja gane sawun tawadar. Kalmar farko da ta fito, da Girkanci, ita ce shunayya.

A Fabrairun 2024 shi da wasu biyu suka ci kyautar dala 700,000 bayan sun fito da haruffa sama da 2,000. Marubucin yana magana ne kan jin daɗi, har da na abinci da kiɗa.